Tsakanin Ƙarya da Karya

Ɗalha ɗan gyartai ne, mutumin Dogo-Dogo, kuma da an ƙyale shi da ya gaji ubansa Ɗantsoho, ya ƙare kwanansa yana ɗinke fasassun ƙoren mata cikin rufin asiri. Ba a ƙyale shi ba. Shekarar da Nasara ya aiko cewa kowane gari ya kawo yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko, manyan gari suka zauna suka dubi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, suka ga duk suna da amfani. Sai aka tuna da ɗan gyartai. Aka aza shi bisa jaki zuwa Magaria, uwarsa na rusa kuka, ubansa kuwa ya ce ko ba komai bakin ci ya ragu.

Shekara shida ya yi a lakwal. Ya fito da rubutu mai kyan gaske, da Faransancin da ya ishe shi ya ce “wi mushe”, wato “to, maigida”, a inda ya dace, da kuma wani irin ɗaga haɓa da babu wanda ya san inda ya samo shi. Jarrabawar sartifika dai sau biyu yana zamanta, sau biyu dikte, wato shifta, na kayar da shi. Shi ya ce hassada ce, wai mai gyaran takardu ya ga alamar yaron nan zai wuce shi.

Aikin da aka ba shi bayan yaƙin Jamus, ban san ko akwai na biyunsa a ƙasar Damagaram ba. A bayan biro, wato ofishin masu kula da noma, an kafa wani gwangwani mai mazurari bisa ƙarfe, don a san yawan ruwan saman da ya sauka. Ɗalha ne mai duba shi. Kullum ƙarfe bakwai zai fito cikin wandon kaki da farar taguwa, kayensa na rubutu a hammata, ya ratsa kasuwa a hankali don kowa ya samu ya gan shi, ya je ya leƙa gwangwanin, ya rubuta abin da ya gani. Wata takwas a shekara abin da yake gani bai wuce ƙasan gwangwani ba. 'Yan kasuwa su ce, “Mushe, yau me aka samu?” Ya gyara murya ya ce, “Babu.” Haka sunan Mushe Babu ya bi shi. Da damina kuwa ya kan tsayar da manomin da ya jiƙe sharkaf, ya sanar da shi a hukumance cewa an yi ruwa.

Yadda ya auri Fanta, har yau tsofaffin Magaria ba su gama mamaki ba. Ɗiyar Alhaji Ajimi ce, Babarbaren falke mai kanwa da gyaɗa, mai soro, mai rumbu bakwai da aka jera daidai inda mai wucewa zai iya ƙirga su. An taɓa kai ta aure Kano gidan wani attajiri, ta dawo bayan kwana arba'in, gidansu suka ce ruwan Kano ne bai karɓe ta ba. Manema suka yi ta zuwa, masu doki da masu keke, tana sallamar su. Rannan ta ce Mushe Babu take so. Uwarta ta dafe ƙirji. Fanta ta ce, “Iya, mutumin da kullum yake leƙa gwangwani fanko ya dawo ba ya fushi, ai zai iya zama da ni.” Bazawara ce, zaɓi nata ne. Alhaji ya yi ta juya maganar kwana biyu, sannan ya tuna cewa takardun Nasara sun fara yawa, kuma gara mai karanta su ya zama na gida.

An ba shi ɗiya, ba a ba shi wurin zama ba. In ana taro a zauren Alhaji, tabarmarsa na can bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. In ƙwarya ta tsage a cikin gida, sai a aiko da ita gidansa da gaisuwa mai daɗi, wai ko surukinmu zai duba mana, tun da abin na gado ne. Mamuda, ƙanin Fanta mai fataucin goro tsakanin Kano da Magaria, shi ko da yake akwai wasa tsakaninsu ba ya ma ɓoyewa. Daga nesa zai ɗaga murya, “Mushe Babu, yau ma babun ce?” Ɗalha ya yi yaƙe, ya haɗiye, ya je gida ya kasa cin tuwo.

A gida kuwa akwai magani. Fanta mace ce mai baki, ga iya kwaikwayo. In ta ga ya shigo fuska a murtuke, sai ta naɗa zane a ka ya zama rawani, ta turo ciki, ta yi tafiyar Alhaji, ta yi irin tarin da yake yi kafin ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ta yi gwaggonta mai saka warwaro goma don zuwa gaisuwar mutuwa. Ta yi Mamuda yana Ingilishin da bai wuce kalma huɗu ba. Ɗalha ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Suna son juna, wannan kam ba ba'a nake yi ba. Shekara biyar suka yi, ko maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba sai dai dariya.

A shekara ta huɗu Ɗantsoho ya rasu. Suka tafi Dogo-Dogo, dangin Fanta ma suka zo gaisuwa cikin manyan riguna, suka zauna a ƙofar bukka suna kallon gadon da mamaci ya bari: basilla biyu da tulin fasassun ƙoren da masu su ba su zo karɓa ba. Ɗalha ya yi kuka ƙwarai, mutane suka ce Allah sarki, ɗa na gari. Fanta kaɗai ta gane rabin kukan na kunya ne. Da rana ta take, ta ja shi bayan gida gindin wata aduwa, ta zaunar da shi.

Ta ce, “Malam, share hawayenka in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Rumbunan nan bakwai na Baba, biyu ne ke da hatsi. Biyar ɗin iska ce ciki, duk shekara yaɓe kawai ake sake musu. Mijina na Kano rumbunan ya aura. Ranar da ya gano, ko sallama bai yi mini ba. Kamyon fatu ya tsayar, babbar motar kaya, aka ɗora ni bisa ƙirgi da akwatina guda, ƙuda na bin mu tun daga Kano. Da muka kusa gari na roƙi direba ya sauke ni. Na je rijiyar makiyaya na wanke jikina sau uku, warin bai fita ba. Takalmina ɗaya ya faɗa rijiyar. Na ɓoye ɗayan cikin zane, na shigo gari ƙafa ba takalmi, ina ce wa mutane motar maigidana ce ta lalace a hanya.”

Ta faɗa tana murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “To ka gani. Naka uban ƙwaryar da ta fashe yake ɗinkewa a gaban kowa. Wa ya fi wani?” Ɗalha ya kama hannunta, ya rantse maganar ta mutu a gindin aduwar nan. A lokacin da gaske yake.

Abin da ya ɓata shi littafi ne. Mamuda ya dawo daga Kano da wani ɗan littafin Hausa da aka buga a ƙasar Ingilishi, can ƙetaren iyaka, labari ne, da sunan wanda ya rubuta ɓaro-ɓaro a bango. Ya jefa wa Ɗalha a cinya ya ce, “Ga masu ilimin gaske can, ba masu gadin gwangwani ba.” Ɗalha ya buɗe, ya duba shafin farko, ya taɓe baki. Rubutun duk bai bi ƙa'idar lakwal ba. Inda ya kamata a sa “ou” sun sa “u” tsirara, inda ya kamata a sa “tch” sun sa “c”, ga wasu haruffa da 'yan ƙugiyoyi a ka, waɗanda ya ɗauka dattin tawada ne. Ya mayar masa ya ce Ingilishi ba su iya rubutu ba. Amma sunan nan na bango ya tsaya masa a rai. Ashe mutum na iya zama a Magaria, a san shi a Kano da Zariya, har a daina ajiye shi wajen takalma.

Da kaka ta wuce, gwangwani ya koma babu, Ɗalha ya samu abin yi. Akwai wani tsohon keken rubutu a biro wanda ba mai taɓa shi. Daga hantsi zuwa azahar sai ƙarar ƙwas-ƙwas da yatsa biyu, har planto, masinjan biron, ya fara gaya wa mutane cewa Mushe na shirya wa gwamna babban rahoto. Labari ne na wani haziƙin saurayi, kyakkyawa, mai ilimi, wanda duniya ba ta san darajarsa ba, da ya auri ɗiyar wani gida na 'yan ƙarya, masu riga goma ciki fanko. Ba sai na faɗi wanda haziƙin ya yi kama da shi ba. Sauran mutanen littafin kuwa duk daga bakin Fanta suka fito, da tarinsu da warwaronsu. Ɗalha ya yi dabara irin ta manyan marubuta don kada a gane kowa: ya mai da Babarbare Buzu, ya mai da rumbu bakwai tara.

Da ya iso babi na bakwai ya ɗan tsaya. Ya tuna aduwa, ya tuna rantsuwa. Sai ya gaya wa kansa cewa a Kano za a karanta, ba a Magaria ba, kuma ai ya sake mata suna. Ban da haka, duk littafin babu wurin da ya kai wannan daɗi. Ya ci gaba da ƙwas-ƙwas.

Fanta ta taɓa tambayarsa abin da ke hana shi dawowa da wuri. Ya ce, “Aikin ƙwaƙwalwa ne, ba na mata ba.” Ta ce, “To Allah ya ba ƙwaƙwalwa lafiya,” ta tura masa fura.

Sunan littafi ya fi komai ba shi wahala. Bayan mako guda ya samu wanda ya gamsar da shi: Na Auri Ƙarya. Ya buga shi da manyan haruffa yadda lakwal ta koya masa, da harafin da keken Faransa ke da shi, don keken bai san akwai wata “ka” mai ƙugiya ba, shi ma Ɗalha bai sani ba. Sai batun sunan marubuci. Ɗalha ɗan Ɗantsoho gyartai ba sunan da za a kai Kano ba ne. Ya yi tunani, ya ga tun da an ba shi ɗiya ai ba laifi ya ari suna. Ga yadda bangon ya fito:

NA AOURI KARIA
Dalha, souroukin Elhadji Adjimi, Magaria

Ya naɗe cikin takardar siminti, ya ɗaure da igiya, ya ba Mamuda amana ya kai wa masu buga littattafai, tare da gargaɗin kada ya buɗe, don abin ya fi ƙarfin fahimtarsa. Mamuda bai buɗe ba. A kan iyaka ne ɗan duwan, mai binciken kaya, ya ce a kwance kowane ƙunshi. Ɗan duwan ɗin ma ɗan lakwal ne, kuma da alama shi dikte bai taɓa kayar da shi ba, domin ya ɗaga takardar a gaban kamyo cike da fatake da mata, ya karanta abin da ke rubuce tsaf, da murya mai kyau:

“Na auri karya. Dalha, surukin Alhaji Ajimi.”

Wata tsohuwa daga bayan mota ta ce, “Wace karyar? Fanta?”

Mamuda bai je Kano ba. Kafin shi ya iso gida a kan aron keke, labari ya riga shi, ya ci kasuwa, ya shiga gidajen aure. Kafin azahar an zo an tafi da Fanta gidan ubanta. Ita dai dariya ma ta fara yi, ta ce Malam ko kaza ba ya iya zagi, a bincika. Alhaji ya ce babu binciken da za a yi, ɗan gyartai ya ci tuwonsa ya kira ɗiyarsa karya a rubuce, har yana neman a buga a raba wa ƙasar Ingilishi, yau sai ya sake ta. Yayan Alhaji ne ya hana a yi gaggawa, Goni Laminu, limamin unguwa, tsoho mai sanyin magana. Ya ce ko ɓarawo ana jin ta bakinsa, a kira shi bayan la'asar.

Ranar ce kaɗai aka shimfiɗa wa Ɗalha tabarma a tsakiyar zaure. Zaure ya cika, ƙofar gida ta cika, masu tallan goro ma sun matso da farantansu. Mata na bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, Fanta a cikinsu. Ɗalha ya durƙusa, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ƙarya ya rubuta.

Alhaji ya ce, “Kun ji ko? Da bakinsa ya ce ƙarya ya rubuta!”

“A'a Baba, kalmar nake nufi. Ƙarya. Ƙa, ƙa, daga maƙogwaro. Ba ta kare ba.”

Mamuda ya zaro littafinsa na Kano, ya nuna harafi mai ƙugiya, ya ce in ƙarya ake nufi ga yadda masu ilimi ke rubuta ta, ina tasa ƙugiyar? Ɗalha ya ce keke ba shi da ita. Goni ya sa aka maimaita masa, ya girgiza kai. Ya ce, “Ikon Allah. Mu a allo kaf daban, ƙaf daban, yaro ɗan shekara bakwai ya sani. Nasara ya ƙera jirgin sama ya kasa raba kare da ƙarya.” Sannan ya ce abin mai sauƙi ne, gani ya kori ji. A karanta abin da ke ciki. In akwai kare a labarin, an san hukunci. In babu, kowa ya kama gabansa.

Da Ɗalha na da wayo ko na sisin kwabo, da ya tsorata a nan. To, ya tsorata, amma na ɗan lokaci. Ya kwance igiya, ya fara karantawa da 'yar siririyar murya. Babi na ɗaya, haziƙin saurayi da kyansa da iliminsa, mutane suka fara hamma. Babi na biyu, sai ga Buzu mai rumbu tara ya fito, ya turo ciki, ya yi tari kafin ya yi magana. Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Da aka zo inda ɓera ya shiga rumbu na biyar ya fito yana kuka don yunwa, zaure ya kece gaba ɗaya.

Kowa ya saci kallon Alhaji. Alhaji ba yaro ba ne, ya san wanda ya yi fushi shi ne mai rumbun. Sai ya fi kowa ƙyaƙyatawa, yana dukan cinya, ya ce, “Wallahi Alhaji Maigari ne sak! Har tarin!” Alhaji Maigari abokin gabarsa ne a cinikin gyaɗa, kuma ba ya wurin. Haka aka yi da gwaggo mai warwaro, ana jin muryarta daga bayan ƙyaure tana cewa ta san matar, a Bande take.

Goni ya ɗaga hannu, yana share ido da gefen rawani. Ya ce, “To, alhamdu lillahi. Babu kare a nan, shirme ne kawai. Yaro bai zagi kowa ba. Ajimi, ka mayar masa da iyalinsa.” Alhaji ya ce ya mayar, har ya ƙara da cewa dama shi ya san surukinsa mutum ne mai basira.

Shari'a ta ƙare ke nan. Ɗalha ya ci, matarsa na bayan ƙyaure tana ɗaura mayafi. Abin da ya rage ya naɗe takardunsa ya yi godiya.

Sai wani daga waje ya ce, “Haba, a ci gaba mana! Yaya aka ƙare da Buzun?” Wasu suka ɗauka, a ci gaba, a ci gaba. Ɗalha ya ɗaga kai. Mutum sun fi ɗari, duk shi suke kallo, baki buɗe, kuma ba wanda ya ce Mushe Babu. Wani ma cewa ya yi, “Malam Ɗalha, don Allah.” Shekara talatin da wani abu yana jiran wannan rana bai san yana jira ba. Ya gyara zama. Siririyar muryar nan ta ɗazu ta buɗe, ya fara yi da hannu, yana sauya murya ga kowane mutum, daidai yadda ake yi masa a gida.

Babi na uku ya wuce, na huɗu, na biyar, na shida. Rana ta yi sanyi, ba wanda ya motsa. Ya juya shafi ya ga kan babi na bakwai, kuma ya san abin da ke ciki, don shi ya buga shi da yatsunsa biyu.

Ya karanta layin farko, inda amarya ta cika kwana arba'in a birni.

Daga bayan ƙyaure murya ta fito, ba da ƙarfi ba. “Malam, an gamsu. Rufe haka.”

Ya ɗan dakata. Wani ya ce, “Sai me ya faru?” Ya ci gaba. Aka tsayar da kamyon fatu, aka ɗora amarya bisa ƙirgi. Ya kwatanta ƙudajen da suka yi mata rakiya, wai sun fi 'yan rakiyar ranar da aka kai ta yawa. Waje ya ɗauki dariya.

“Malam.”

Ya kai ta rijiyar makiyaya, ya sa ta wanka uku. Ya jefa takalmin a rijiya, har da ƙarar faɗawarsa, cuɓul. Mutanen waje suna ta faɗuwa kan juna. Ya shigo da ita gari ƙafa ba takalmi, tana yanga, tana cewa motar maigidanta ce ta lalace a hanya.

A nan dariyar ta fara yankewa, daga cikin zaure zuwa waje. Rumbu kowa na da shi, tari kowa na yi, ana iya tura su gidan Alhaji Maigari. Amma mace ɗaya ce tak a Magaria ta taɓa dawowa daga birni a kwana na arba'in, kuma rabin mutanen da ke wurin sun gaishe ta a ranar, sun yi mata jajen motar da ta lalace. Alhaji ya buɗe baki zai ce ya san matar, bai samu sunan da zai kama ba. Bayan ƙyaure kuwa ko tari babu. Goni ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, ko da yake da saura.

Fanta ba ta koma ba. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta aika masa da zagi ba, kayanta kawai aka zo aka kwashe washegari da hantsi. Daga baya alƙali ya raba auren, ta auri wani mai jima a Mallawa, mutumin da ko alif bai sani ba, aka ce sun zauna lafiya. Littafin bai taɓa ƙetare iyaka ba. Ɗalha ya ci gaba da leƙa gwangwani har Nasara ya tafi ya bar masa shi, ya tsufa a Magaria, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ranar da ya riƙe mutum ɗari biyar daga la'asar zuwa magariba. Yawan mutanen na ƙaruwa da shekaru. Abin da ba ya sakawa a labarin shi ne biko na uku.

Sau biyu ya je biko ana ce masa ba ta nan. A na uku, kafin a kai ga alƙali, ta fito da kanta, ta tsaya a ƙofar zaure. Ta rame. Ya shirya magana tun daga gida, mai kyau, da karin magana a ciki, amma da ya gan ta duk ta zube. Ya ce ta yi haƙuri. Ya ce ai ya sake mata suna. Ya ce shi Kano ya nufa da shi, ba nan ba. Ta bar shi ya gama. Sai bakinsa ya kufce, ya faɗi abin da ke ransa tun ranar.

“Amma Fanta, kin ji yadda suka yi dariya? Wurin nan ya fi ko'ina kyau.”

Ta ce, “Na ji, Mushe. Ai ni na ba ka shi, ranar da ubanka ya mutu, don ka daina kuka.”

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Da karyar ce ka kira ni, da yanzu ina ɗakina. Zagi ne, a yi faɗa a shirya. Rubutawar ma da na yafe, na san halinka, ba ka iya ganin abu mai daɗi ka bar shi. Amma na kira ka. Sau biyu.”

“Hayaniya ta yi yawa. Wallahi ban ji ba.”

“Kada ka rantse, ka ji. Da na kira na biyu, ɗaga murya ka yi.”